Kafin Ka Kwafi Furojek, Tsaya Ka Kalli Kazar Gidanku

Zuwa ga 'yan aji uku da aji huɗu na sashen ilimin dabbobi, aikin gona da ilimin muhalli. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai ƙarancin data ya ajiye shi sai dare.

Lokacin zaɓen maudu'in furojek ya zo, kuma duk mun san yadda abin yake tafiya a hostel. Wani ya karɓo na yayansa da ya gama shekara biyar da suka wuce, ya canza sunan ƙaramar hukuma. Wani ya raba takardar tambayoyi ɗari, ya zauna a kan katifarsa ya cike tamanin da kansa. In ka yi magana sai a ce maka, "To da wane kayan aiki za mu yi binciken gaske?" Wannan tambayar nake so in taɓa. Akwai wani fanni da manyan jami'o'i ke kashe kuɗi a kansa yanzu: yadda jikin tsuntsaye da ƙwari ke jure zafi da sanyi, da kuma inda juriyar take ƙarewa. Rabin kayan aikin wannan fanni yana yawo a tsakar gidajenmu yana tonon ƙasa.

Ni ɗan Manchok ne, a ƙaramar hukumar Kaura ta jihar Kaduna. Wanda bai san wajen ba, muna gindin tsaunin Filato ne. In ka taso daga Kafanchan ka wuce Kagoro da duwatsunta, ka iso wajenmu, daga nan hanya ta fara hawa zuwa Ganawuri, ta bi ta Vom ta shiga Jos. Kafanchan ba ta kai mita 800 sama da teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. A lissafin masana yanayi, duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Shi ya sa za ka shiga mota a Kafanchan kana fifita da littafi, kafin ka kai Bukuru kana laluben rigar sanyi. Ku riƙe wannan hanyar a ranku, za mu dawo kanta.

Bari mu fara da kaza, tunda ita kowa ya sani.

Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Na kaza da yawancin tsuntsaye yana tsakanin 40 da 42, ga gashi ya lulluɓe su, kuma ba su da hanyar yin gumi irin tamu. Saboda haka a watan Maris da Afrilu, da rana ta take, za ka ga kaza ta buɗe baki, ta saki fukafukai, tana haki. Abin da take yi shi ne abin da randar ƙasa ke yi wa ruwan sha: danshi yana tashi daga maƙogwaronta, yana tafiya da zafi. Sai dai wannan sanyin ba kyauta ba ne. Tana asarar ruwan jikinta, tana rage cin abinci, kuma yawan hakin yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima. Da wannan sinadarin ne jikinta ke haɗa ɓawon ƙwai. Shi ya sa masu kiwon kajin ƙwai ke kukan cewa a bazara ƙwai yana raguwa, ɓawonsa kuma ya yi laushi yana fashewa a kiret.

Kawuna yana kiwon kaji a bayan gida, yana kuma da amya guda shida a gonarsa. Ranar da na yi masa wannan bayanin da zumuɗin ɗan makaranta, sai da ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, ai kazar gida ba ta mutuwa da zafi kamar ta gidan gona. Mai tsiraicin wuyan nan ma ta fi su duka. Ku a makarantar taku an gaya muku a digiri nawa kowacce ke fara buɗe baki?"

Na ce, "Kawu, na garinmu dai ban ga an rubuta ba."

Ya ce, "To ka ga aiki."

Maganarsa a kan mai tsiraicin wuya gaskiya ce, masana kiwon kaji sun daɗe da tabbatar da cewa ƙarancin gashin yana taimaka mata fitar da zafi. Amma tambayar tasa ita ce ainihin irin tambayar da masu bincike ke yi a kan tsuntsayen daji.

A hamadar Kalahari ta Afirka ta Kudu akwai ayarin masana, cikinsu har da Farfesa Andrew McKechnie na Jami'ar Pretoria da Susan Cunningham ta Jami'ar Cape Town, da suka shafe shekaru suna bin tsuntsaye da sikeli da ma'aunin zafi. A 2012 aka wallafa wani aiki a kan wasu tsuntsaye masu yawo a garke, waɗanda aka saba musu hawa sikeli safe da yamma. An gano cewa duk ranar da zafi ya wuce digiri 35.5, abin da suke ci da rana ba ya mayar musu da nauyin da suke rasawa cikin dare. Dalili kuwa, tsuntsun da ya buɗe baki yana haki ba ya iya kama ƙwaro da kyau. Ba faɗuwa suke yi matattu nan take ba, ramewa suke yi a hankali.

Wani aikin da ya fito a 2022 ya bi wani ɗan uwan cilakowa mai ruwan ɗorawar baki daga 2008 zuwa 2019 a yankin Kuruman. A farkon shekarun, kashi 58 cikin 100 na sheƙunan da aka fara suna fitar da 'ya'ya. A ƙarshen shekarun abin ya koma kashi 17. Wanda ya je dajin zai ga manyan tsuntsayen suna nan suna tashi, ya ce lafiya lau. Sai mai ƙirga sheƙa ne kaɗai zai san cewa zuri'a tana yankewa.

Kowane tsuntsu da dabararsa. Kurciya da hasbiya suna iya fitar da danshi ta fatar jikinsu, ba sai sun dogara da haki ba. Yautai yana karkaɗa fatar maƙogwaronsa da sauri, abin da ba ya cin ƙarfi sosai, shi ya sa yake iya kwanciya a ƙasa da tsakar rana. Dangin cilakowa suna tura jini zuwa dogon bakinsu, bakin ya zama kamar lagireton mota. Dangin shamuwa kuwa, ku yi haƙuri masu cin abinci, kashi suke yi wa ƙafafunsu don ya bushe ya sanyaya jinin da ke bi ta wajen.

Gwanin su duka shi ne abokin gabar manoman Jigawa, Yobe da Kebbi, wato jan baki. A 2020 masu binciken Pretoria suka auna shi, suka ga zafin jikinsa yana kaiwa digiri 48, wani ma ya kai 49.1, kuma ya tashi garau. Yawancin tsuntsaye kafin nan sun daɗe da sheƙawa. Kai jama'a, ku duba wannan lissafin: mai cinye mana gero da shinkafa ya fi kazar da muke ci jure zafi nesa ba kusa ba.

Ta ɓangaren sanyi ma akwai magana. Da asubar hunturu a Manchok, lokacin da ruwan bokiti ke yanka hannu, za ka ga kurciya a kan reshe ta kumbura kamar ƙwallo. Iska take tarawa a cikin gashinta ta zama mata bargo, tsokar ƙirjinta kuma tana karkarwa tana samar da ɗumi. Wasu ƙananan tsuntsaye suna cunkushewa wuri guda su kwana. Akwai dangin yautai da aka auna a Afirka ta Kudu da ke barin jikinsu ya yi sanyi ƙwarai cikin dare, kamar wayar da aka sa a yanayin tattalin caji, sai rana ta fito su farfaɗo.

To ƙwari fa? Su lamarinsu ya fi tsanani, domin yawancinsu zafin jikinsu yana bin na wurin da suke ne. Amma kada ka raina su.

Ɗauki ƙudan zuma. Wajen da 'ya'yansu suke a cikin amya dole ya zauna a digiri 34 zuwa 35, ko ana hunturu ko ana bazara. In sanyi ya yi, sai su dunƙule su riƙa motsa tsokar fukafukansu ba tare da tashi ba, jikinsu ya yi ɗumi. In zafi ya yi, wasu su tafi ɗebo ruwa su shafa a kan saƙar, wasu su jeru a bakin amya suna fifita. Masanin nan Bernd Heinrich ya nuna cewa ƙudan zuma yana iya tashi a zafin digiri 46, ta hanyar fito da ɗigon ruwan fure a bakinsa don ya sanyaya kansa. Yanzu ka gane dalilin da ya sa a watan Maris ƙudan zuma ke damun mata a bakin rijiya da famfo. Ba neman faɗa suke yi ba, na'urar sanyaya ɗakinsu ce ke neman ruwa. Kuma duk ƙudan da ya tafi ɗebo ruwa, bai tafi fure ba. Kawuna ya daɗe da lura cewa amyar da ke ƙarƙashin ɗorawa ta fi wadda ke fili cika. Da ido ya gani, ba wanda ya taɓa sa masa ma'auni a ciki.

A hamadar Sahara akwai wata tururuwa mai launin azurfa da ke fitowa da tsakar rana, lokacin da ƙadangarun da ke cin ta suka gudu inuwa. Tana yin 'yan mintoci tana kwasar ƙwarin da zafi ya kashe, ta koma rami. Jikinta yana jurewa har digiri 53.6. Gashin bayanta yana mayar da hasken rana kamar madubi. A cikin jikinta kuma akwai wata dabarar. Kun san yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko? Haka zafi ke yi wa furotin ɗin jikin kowace halitta. Akwai wasu furotin masu gadi da jiki ke ƙerawa don su hana sauran lalacewa, waɗanda binciken wani Ba'italiye, Ferruccio Ritossa, a kan ƙananan ƙudaje a 1962 ya buɗe hanyar gano su. Yawancin halittu sai zafi ya taɓa su suke fara ƙera su. Ita wannan tururuwar tun tana cikin rami take tanadar nata.

Wani zai ce duk wannan labarin ƙasashen wasu ne. To bari in dawo da ku gida.

A shekarun 1930, a Gadau da ke jihar Bauchi ta yanzu, garin da jami'ar jihar take a yau, an yi wasu daga cikin ayyukan farko a duniya a kan yadda zafi da bushewar iska ke juya rayuwar ƙudan tsando, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Wani masani mai suna T. A. M. Nash ya wallafa sakamakonsa a 1937, inda ya nuna cewa yanayi shi ne ke yanke hukuncin inda ƙudan zai rayu da inda zai ƙare. In bazara ta tsananta, sai ya tattare a inuwar kurmin bakin rafi. Daga baya, a 1962, wasu masanan suka gano cewa in zafi ya kai masa iya wuya, yana buɗe ƙofofin numfashin da ke gefen jikinsa don danshi ya fita ya ɗan sanyaya shi. Har yau cibiyar binciken sammore ta ƙasa tana Kaduna, tana da reshe a Vom. A da ana ɗaukar saman Filato a matsayin wurin da tsando ba ya zama, shi ya sa makiyaya suka so shi. Binciken shekarun baya-bayan nan ya samu sammore a shanun can. Dalilan suna da yawa, har da zirga-zirgar garke da sauyin amfani da ƙasa, amma duk mai son sanin rabon da zafi ke da shi a ciki, gindin tsaunin zai zo ya auna. Gindin tsaunin kuwa mu ne.

Na biyun ya fi ba ni mamaki. A kan falalen duwatsun arewacin Najeriya akwai ƙananan kwarmi da ruwan sama ke taruwa a ciki, ya bushe bayan 'yan kwanaki. A cikin tabon ƙasansu akwai jar tsutsar wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, sunansa na kimiyya Polypedilum vanderplanki. Wani masani a Ingila, H. E. Hinton, shi ya bayyana shi ga duniya a 1951. In ruwa ya ƙafe, tsutsar tana bushewa ƙarau, ruwan jikinta ya koma kusan kashi 3 cikin 100. Kafin ta bushe tana cika jikinta da wani sukari mai suna tirehalos, wanda ke daskarewa kamar gilashi ya riƙe kayan cikinta kada su wargaje. A haka take kwana a kan dutsen da ba ka iya taka shi ba takalmi, har damina ta dawo. Ka zuba mata ruwa, cikin kamar awa guda ta fara motsi. Hinton ya sa busasshiyar a sanyin digiri 270 ƙasa da sifili, ya sa ta a zafin da ya ɗara na tafasar ruwa na ɗan lokaci, ta farfaɗo. An ajiye wasu shekara 17 suka tashi. Masana daga Japan sun zo har Najeriya sun ɗebi tabon nan, tare da abokan aikinsu na Rasha aka kai tsutsar tashar sararin samaniya, ta yi sama da shekara a waje, aka dawo da ita aka jiƙa, ta motsa. A 2014 suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadonta. Manufarsu ita ce a koyi ajiye magani da ƙwayoyin halitta ba tare da firji ba.

Ku tsaya ku yi tunani. A ƙasar da wutar lantarki ke lalata allurar rigakafi a asibitin ƙauye, dabarar ajiya ba firji tana kwance a kan duwatsunmu, kuma sai da aka zo daga wata nahiyar aka ɗauke ta. Irin kwarmin nan muna yara mun sha wasa a cikinsu a duwatsun wajenmu.

Me ya sa abin ya zama na gaggawa? A 2008 Curtis Deutsch da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwarin ƙasashe masu zafi sun fi na Turai shiga haɗari in duniya ta ƙara ɗumi, ko da ƙarin namu bai kai nasu ba. Ƙwaron Turai yana da sauran fili kafin ya kai iyakarsa, namu kuwa dama a bakin iyakar yake zaune. Tulun da ya cika, ɗigo kaɗan ke sa shi zuba. Kuma ba mu manta bazarar 2024 ba, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, mu ma nan muka kwana a waje.

Akwai kuma abin da ya bambanta kudancin Kaduna da Kalahari, har ma da Sakkwato. Haki da fifita suna aiki ne in iska a bushe take. Randa ba ta sanyaya ruwa sosai a damina, kowa ya san wannan. Mu kuwa danshi yana iso mana da wuri, tun ana tsakiyar zafi, kafin ruwa ya zauna. Saboda haka digiri 35 na Kafanchan a watan Afrilu ba ɗaya yake da 35 na hamada ba a jikin kaza ko kurciya. Lambar da aka samo a Kuruman ba za a kwafo ta a liƙa wa Kagoro ba. Sai an auna a nan.

Ga abin da nake ganin ɗalibi zai iya yi da ƙaramin ma'aunin zafi da danshi irin na masu ƙyanƙyasar ƙwai, da agogon wayarsa, da littafi mai layi:

1. Kaji iri uku, ta gida, mai tsiraicin wuya da ta gidan gona. Kullum daga ƙarfe 12 zuwa 4, a rubuta zafi da danshi, a ƙirga nawa ne suka buɗe baki. Sati shida ya isa a fitar da digirin da kowacce ke fara haki.

2. Amya a inuwa da amya a rana. A ƙirga masu fifita a bakin ƙofa da masu zuwa ruwa, a auna zumar da aka samu a ƙarshe. Wannan sai da mai amyar, kada wani ya je ya sha harbi ya ce ni na aike shi.

3. Hanyar da na ce ku riƙe. Mutum huɗu, ɗaya a Kafanchan, ɗaya a Manchok, ɗaya a Ganawuri, ɗaya a Vom, a rana ɗaya da awa ɗaya, kowa yana kallon kurciya. Tsaunin da kansa ya ba ku bambancin zafin da wasu ke sayen na'ura mai tsada don su samar.

4. Kwarmin dutse. A auna zafin falalen da tsakar rana, a ɗebi busasshen tabo kaɗan, a jiƙa shi a faranti, a duba abin da zai motsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma na sashe.

Ba sai ka kama tsuntsu ba, kuma kada ka gwada tura masa ma'auni a jiki. Wannan aikin waɗanda aka horar ne, masu izini. Irinsu suna nan kusa da mu: cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana horar da ɗaliban digiri na biyu tun farkon shekarun 2000. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga can, Chima Nwaogu, ya zagaya sassan Najeriya yana auna tsuntsun bulbul, ya nuna cewa girman jikinsa yana bin zafi da bushewar wurin da yake zaune. Dajin Kagoro da Nindam kuma yana cikin jerin muhimman wuraren tsuntsaye na BirdLife International. Wanda ya je neman gurbi a irin wannan cibiya da littafin da ya cike da hannunsa na sati shida, ba a kallonsa kamar wanda ya zo da kwafi.

Na san uzurin da za a kawo: sufabaiza ba zai yarda ba, lokaci ya ƙure, ba kuɗi. Wasu malaman za su ƙi, gaskiya ne. Amma da yawansu sun gaji da karanta furojek ɗaya da sunaye goma. Je masa da shafi guda, tambaya ɗaya, da yadda za ka auna ta. Kuɗin ma'aunin kuwa, in mutum uku suka haɗa, bai kai abin da muke ba mai buga furojek a bakin get ba.

Ni dai na ɗauki na uku, kuma ina da Manchok. Ina neman mutum a Kafanchan, ko ɗan reshen KASU ko na kwalejin Gidan Waya, da wani a Ganawuri, da wani a Vom, wanda zai iya ba da awa biyu a rana daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu. Kowa zai rubuta nasa furojek ɗin da sunansa, lambobin ne za mu haɗa. Mai sha'awa ya yi magana a ƙasa, ya faɗi garinsa da sashensa. Wanda kuma gidansu ake kiwon kaji ko zuma, a Zonkwa ne ko Zariya ko Maraɗi, ya tambayi iyayensa abin da suka lura da shi a bazarar bana, ya kawo mana. A tura wa 'yan ajinku.